Ɗan Jagora da Karen Jagora: Abin da Muke Rufe Zancensa da Wuri

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Mata ko bakin babban masallacin cikin gari da hantsi ya san wannan hoton: dattijo makaho riƙe da wutsiyar sanda, yaro ɗan shekara takwas ko tara riƙe da kanta yana gaba. "Baba, kwata." Dattijo ya ɗaga ƙafa. "Baba, tsaya, ɗan sahu." Ya ja ya tsaya. Mun gani mun gani har idonmu ya daina gani. Yaron nan shi ne ɗan jagora, kuma aikin da yake yi, a wasu ƙasashen kare ne yake yin sa.

Da an faɗi haka a majalisa sai a yi dariya, ko wani ya ja a'uziyya. Wannan ya ce ai sai Turawa, wancan ya ce addini ya hana, a shiga hirar ƙwallo. Ni dai a ganina garajen rufe zancen muke yi, domin cikinsa akwai tambayoyi uku da muka cakuɗa wuri ɗaya: me dabbar take yi wa mai ita, me shari'a ta ce, sannan me titin Kano zai yarda da shi.

Asalin abin daga yaƙi ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo wa Jamus da dubban sojoji da gubar iska da ɓaraguzan bam suka makantar. A 1916 wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar farko ta horar da karnukan jagora a garin Oldenbag. Wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta ga irin wannan aiki a Jamus ta yi rubutu a kansa a 1927. Aka karanta wa wani saurayi makaho a Amurka, Morris Frank, wanda ya gaji da hayar samari masu yi masa jagora, yau su zo gobe su ƙi zuwa. Ya haye teku ya je ya karɓo karya mai suna Buddy a 1928, shekara ta zagayo shi da Eustis suka kafa makarantar The Seeing Eye. Ingila ta bi sahu a 1931 da karnuka huɗu kacal, Afirka ta Kudu ta kafa tata ƙungiyar a 1953. Abin lura a labarin Frank shi ne, daga hannun ɗan jagora ya gudu. Ashe su ma sun taɓa zama inda muke.

Mutane da yawa sun ɗauka kare ne ya san hanya, wato a ce masa "kai ni Kantin Kwari" ya kama hanya. Ba haka ba ne. Taswirar gari tana kan mai kare. Shi ya san daga ƙofar gidansa zai miƙe, ya karya dama a lungu na biyu, ya tsallaka titi. Shi yake ba da umarni: gaba, dama, hagu. Aikin kare shi ne abin da ke tsakanin nan da can, wato ya kauce wa rami, ya tsaya cak a bakin matakala, ya lura da reshen bishiya ko allon talla da shi zai wuce ta ƙarƙashinsa lafiya amma zai bugi goshin mai gidansa. Ana ɗaura masa ɗamara mai mariƙi mai tauri, ta nan mutum yake jin duk motsin kafaɗarsa, ya san an karkata ko an rage sauri. Kare ba ya karanta danja. Makahon ne yake kasa kunne, ya ji motocin gefensa sun tashi, na gabansa sun tsaya, sannan ya ce a tafi.

Sai kuma abin da ya fi komai wuyar koyarwa: ƙin bin umarni idan umarnin zai kai ga halaka. Mutum ya ce gaba, ga mota ta taho ba ta da ƙara, sai kare ya turje, ko ma ya ja shi baya. A duba wannan da kyau. Dabba ce da aka yi watanni ana koya mata biyayya, sannan aka koya mata inda biyayya take zama cin amana. Ba kowane kare yake iya wannan ba, shi ya sa da yawa suke faɗuwa a horo a mayar da su karnukan gida. Ana fara rainon ɗan kwikwiyo a gidan masu sa kai har ya shekara da 'yan watanni, ya saba da kasuwa da mota da hayaniyar yara, sannan ya shiga makaranta na wasu watanni, sannan a zaɓa masa mutumin da saurin tafiyarsu da halinsu ya zo ɗaya, su ma su yi makonni suna koyon juna. Galibi ana amfani da Labrado, ko irin karen Jamus ɗin nan da muke kira karen 'yan sanda.

Ba makafi kaɗai ba. Akwai karen da ake horarwa don kurma, ya ji ƙwanƙwasa ƙofa ko kukan jariri ya zo ya taɓa shi ya kai shi wurin. Akwai na mai keken guragu, ya ɗauko abin da ya faɗi, ya ja ƙofa. Akwai na mai farfaɗiya, wanda idan abin ya taso yake tsayawa a kansa ya yi haushi har a kawo ɗauki.

To daga ina shaƙuwar take zuwa? Masana a Japan sun nuna a 2015 cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikin su biyun, shi ne kuwa sinadarin da ke ƙulla uwa da jaririnta. Wannan gaskiya ne, amma ni ban ga ya isa bayani ba, balle ma makaho ba ya kallon idon karensa. Bahaushe yana da kalmomi biyu da suka fi kusa da zuciyar al'amarin: gori da sirri.

Duk taimakon da ɗan Adam zai yi maka, komai kyan zuciyarsa, yana da wutsiya. Sai ka jira ya gama abin da yake yi. Sai ka auna fuskarsa, ko muryarsa, ka gane yau a shirye yake ko a gajiye. Ran da kuka saɓa, yana iya tuna maka. Kuma duk inda ka je ya sani: wurin wanda ka je rance, gidan da ka je neman aure, asibitin da ba ka so a san ciwon da ya kai ka. Magidanci mai 'ya'ya, mai ilimi, ya wayi gari ba shi da wani lungu na rayuwarsa da yaro ɗan shekara tara bai leƙa ba. Wannan raɗaɗi ne da mu masu ido ba ma lissafawa, domin mu muna tashi mu zura takalmi mu fita ba tare da mun nemi izinin kowa ba. Kare ba ya gori, ba ya kai rahoto, ba ya cewa bari in gama cin abinci. Sannan shi ma yana da buƙata a wurinka: kai za ka ciyar da shi, ka goge masa jiki, ka gane ran da ba shi da lafiya. Mutumin da duniya ta saba kallonsa a matsayin mai karɓa kullum, sai ga shi akwai rai guda da ya dogara da shi. Shi ya sa ran da kare ya tsufa aka sauke masa ɗamara, yawanci bayan shekara bakwai zuwa takwas yana aiki, masu shi suke shiga wani hali mai kama da zaman makoki.

Yanzu batun addini, wanda shi ake fara jefowa. Kano garin Malikiyya ne tun zamanin da Wangarawa suka zo da littattafai, kuma a mazhabar Imamu Malik duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya ne suka tafi a kan najasar kare. Don haka cewa kare ya shafi rigarka sallarka ta ɓaci, ba karatun zaurukanmu ba ne.

Inda maganar take da nauyi shi ne ajiye kare a gida. Hadisai ingantattu sun zo cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, kuma ladan mai ajiye shi yana raguwa kullum, in ban da karen farauta, na kiwo da na gona. Risala, wadda kusan kowane ɗalibin zaure a Kano ya bi ta kanta, ta kawo wannan hani da togacinsa. Amma masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wato malamai sun daɗe da fahimtar cewa dalilin togacin shi ne buƙata. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo. Idan an yarda mafarauci ya riƙe kare don zomo, wuya ne a ce wanda zai tsare mutum daga faɗawa lambatu bai kai wannan matsayi ba. Wannan fahimtata ce, fatawa kuwa ta malamai ce. An ma taɓa yin ta a wani wuri: a 2008 wata majalisar malaman shari'a a Ingila ta ba wani matashi makaho a garin Lesta damar zuwa masallaci da karensa, aka keɓe wa karen wuri a wajen shiga, ba ya taka inda ake sallah. A Amurka kuma wata Musulma makauniya a jihar Mishigan, da iyayenta suka ƙi yarda kare ya shigo gida, sai ta koma ga ɗan ƙaramin doki wanda tsayinsa bai wuce na babban rago ba. Dokar ƙasar ta san da irin waɗannan dawakai, kuma suna da wata fa'ida: suna iya kai shekara 30 a raye, ba a sauya su kowane bayan 'yan shekaru.

Abin da ya fi fiƙihu ƙarfi a nan shi ne al'ada. A bakinmu kare zagi ne. Yaron da ke bin direba karen mota ne, zaman da ba shi da amfani zaman kare a karofi ne. Karen da yaron Kano ya sani shi ne na 'yan farauta da ake lodawa a mota da rani, ko ramammen da ke kwana a juji, wanda ganinsa da ɗaukar dutse duk ɗaya ne. Kuma tsoron ba na banza ba ne. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma da alamunsa sun bayyana sai dai addu'a. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin, amma karnuka nawa ne a unguwanninmu aka yi wa? Mutumin da ya taso a haka, ka ce ya matsa wa kare a cikin a-daidaita-sahu, ko mai shago ya bar shi ya shigo tsakanin buhunan shinkafa, ka san akwai aiki.

Ko da an shawo kan zukata, titin yana nan. An ƙirƙiro aikin karen jagora ne don garin da ke da hanyar masu tafiya a ƙasa, mai dakali a gefe, inda kare zai tsaya a bakin dakalin ya sanar da mai shi cewa an iso titi. A ina zai tsaya a Ƙofar Wambai? Inda aka yi hanyar ƙafa, mai shayi ya kafa tebur, mai gyaran waya ya kafa lema, wani ya faka mota. Murfin kwata an ɗauke. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, 'yan sahu suka cika gari, suna tsayawa inda suka ga dama, suna biyo hannun da ba nasu ba. Makahon da ya dogara da kunne don ya gane lokacin tsallakawa, me zai ji a Dangi ko Kwanar Singa in ban da ham daga kowace kusurwa? Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, kwalta tana iya ƙona tafin kare, Labrado kuwa gashinsa na ƙasar sanyi ne. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin ƙafa yadda kowa zai iya bi. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya fita ya duba unguwarsu.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Daga haihuwa zuwa ritaya, kare guda yana cin dubban daloli masu yawa. Abin da ya sa talaka a can yake samu shi ne ƙungiyoyin agaji ne ke ɗaukar nauyin. The Seeing Eye dala 150 take karɓa a kan karen farko, tsohon soja kuwa dala 1, kuma tun 1934 ba ta ƙara ba. Amma ciyarwa da likita kullum suna nan, a garin da mutum ke fafutukar abin da zai sa a bakin salatinsa.

Akwai kuma wani lissafi da bai kamata a tsallake ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar. Yanar ido aikin mintuna ne a ɗakin tiyata, kuma Kano ta san wannan aiki tun da aka buɗe asibitin ido na Sabon Gari a 1943. Kuɗin kare ɗaya zai buɗe idanu masu yawan gaske. Duk mai son ya taimaka da gaskiya, daga nan zai fara.

Kada kuma a ɗauka mu ba mu da namu dabbobin. Jaki ne. Kafin keken hannu mai ƙafa uku ya yawaita, irin wanda ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa take ƙerawa a nan Kano, gurgun ƙauye da ya samu jaki ya samu ƙafa. A ɗora akumari, a ɗaga shi ya hau, ya ci kasuwa, ya je gona, ya je gaisuwar mutuwa. Jaki yana riƙe hanya a ka, ko an saki igiya zai kai ka gida, ga shi gajere, hawa da sauka ba wuya, faɗuwa daga kansa ba ta kai ta doki ba. Har gobe a ƙauyukan da ke kewaye da birni, inda yashi ke cinye tayar keke, jaki ya fi keken amfani. Ba wanda ya horar da shi a makaranta, ba wanda ya kira shi da wani babban suna, amma aikin guda ne. Shi ma yana neman ya fi ƙarfin talaka, saboda cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani, ya sa ana kwashe jakuna ana yankawa har farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Sai a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jaki don fata. A duk muhawarar da aka yi, an yi maganar manomi da mai ɗiban yashi, ban ji an tuna da wanda jakin ne ƙafarsa ba.

Sai kiwon cikin gida. Matar da ba ta iya fita, akuyarta biyu da kajinta su ne asusunta, su ne kuma abokan hirarta da rana idan gida ya watse. Makaho yana kiwon ragon layya, da hannu yake gane ya yi ƙiba, da kunne yake gane kukan yunwa da na ciwo. Sai dai mu shaƙuwarmu tana da iyaka da muka yanka mata tun tuni, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wataƙila wannan ma yana cikin abin da ya sa labarin mutum yana kuka don karensa ya yi ritaya yake yi mana banbaraƙwai.

To in ba kare ba, me? Farar sanda, wadda aka keɓe wa ranar 15 ga Oktoba, ita ce abin da mafi yawan makafin duniya suke amfani da shi, har a ƙasashen da karnukan suke. Ko can ma ba a ba mutum kare sai ya iya tafiya da sanda tukuna. Ba sandar dogarawa ba ce. Doguwa ce mara nauyi, ana kaɗa ta dama da hagu, tana taɓa inda ƙafa za ta sauka kafin ƙafar ta isa, kuma koyon ta fanni ne mai malamai. Yaran da suka bi ta makaranta irin ta Tudun Maliki suna samun wani abu na wannan, shi ya sa za ka ga ɗalibi makaho a Jami'ar Bayero yana zuwa aji shi kaɗai. Wanda makanta ta same shi da girma, ta hawan jinin ido ko ciwon sukari, shi ne yawanci ba mai koya masa. Ranar da ido ya tafi, ranar ake duba cikin 'ya'ya ko jikoki a ga wanda za a miƙa wa kan sanda.

Garin da ya naɗa Sarkin Makafi tun ƙarnuka, ya ba makafi unguwa da tsari da shugabanci, ba za a ce bai damu da su ba. Yi wa mai raunin gani jagora sadaka ce da hadisi ya ambata, kuma yaron da ya riƙe wa kakansa sanda yana samun albarka da ba a saye da kuɗi. Amma ƙarfe takwas na safe da yake tsaye a bakin danja, sa'anninsa suna aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na karatu wajibi ne a kan kowane yaro, ba ta togace ɗan jagora ba. Shi ma yana ritaya kamar karen, yawanci idan ya fara zama saurayi ya soma jin kunyar 'yan mata su gan shi riƙe da sanda. Daga nan sai ya nemi tura baro a Singa ko ya zama yaron wani ɗan sahu, sandar kuma a miƙa wa ƙaninsa.